Takardar Gargaɗin da Na Yi wa Gyara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ya bar mana kai. Mu nan ƙalau muke. Jikarka ta wajen babbar 'yata ta fara tafiya, komai na kan tebur sai an ɗaga shi sama.

Saƙonka ya iso ta bakin surukina, na kuma ji shi sarai. Ka ce mace mai shekara hamsin da uku ba ta da abin nema a aji, in ajiye littafi in riƙe jikoki kada a yi wa gidanmu dariya. Yaya, tun muna yara ban taɓa musa maka ba, amma wannan karon ba zan bari ba, kuma gara ka ji dalili daga gare ni.

Shekarata goma sha tara a ɗakin wanki da guga na asibitin nan. Mutum huɗu na koya wa aikin, tun daga raba zanen gadon tiyata da na ɗakin haihuwa, huɗun nan duk an ɗora min su a kai saboda suna da takarda. Bana za a yi jarrabawar mai kula da ɗakin, har da Turanci, shi ya sa nake zuwa ajin manya Asabar da Lahadi. Malamarmu ba ta kai 'yata shekaru ba, amma ta iya koyarwa. Ta nuna mana kowace kalma da aikinta a jimla, wata suna ce, wata aikatau, wata sifa. Na ce mata ai wannan rabon kaya ne, sana'ata ce. Abin da ya ba ni wuya shi ne ɓoyayyen suna, wato sunan abin da ba a gani ba a taɓawa, irin su haƙuri da tsoro. Sati biyu ina cusa su cikin sifa, tana zagaye min da jan biro.

Ran nan na bar littafina a gefen teburin guga. Mai kula da mu, ɗaya daga cikin huɗun can, ya ɗauka yana karantawa gaban ma'aikata da muryar 'yan firamare, ana ta dariya. Sai ya kira ni Farfesa, wai in gaya musu mene ne ɓoyayyen suna. Na jingine dutsen guga, na ce masa abu ne da ba a wankewa ba a gogewa, kamar ladabi, shi ya sa mutum kan fito daga gida babu shi bai ma lura ba. Dariyar ta koma kansa. Washegari ya miƙo min takardar gargaɗi da Turanci, wai na yi masa rashin kunya, in ba da amsa cikin mako guda.

Da a da ne, sai in kai wa wani ya karanta min, in sa hannu, in ba da haƙuri. Wannan karon na zauna a benci lokacin hutun rana na bi ta kalma-kalma, suna in ja masa layi ɗaya, aikatau biyu. Inda yake so ya ce yana ba ni shawara, sai na ga ya rubuta advice, wadda suna ce, maimakon advise, aikatau. Ban yarda da idona ba sai da malama ta tabbatar min ran Asabar. Na rubuta amsata jimla bakwai, ba ƙari ba ragi. Malama ta so ta gyara min biyu, na ce ta nuna min kuskuren kawai, gyaran nawa ne. Na haɗa da takardarsa, na zagaye kalmar nan, na kai wa shugabar ma'aikata. Ta karanta sau biyu, ta kira shi ta tambaye shi me ya kai hannunsa kan littafin da ba nasa ba. Aka janye gargaɗin, ita da kanta ta sa sunana cikin masu jarrabawa.

Ka tuna da Inna ta kwanta ciwo, ni aka cire daga aji huɗu don jinya, kai ka ci gaba, ni ke goge maka rigar makaranta. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori ba ne. So nake ka sani na jira fiye da shekara arba'in, ba zan ƙara jiran izinin kowa ba. Ko in ci ko in faɗi, ran tara ga wata zan shiga ɗakin jarrabawar nan in zauna da birona.

Ka gaishe min da maiɗakinka, da Goggo, da autarku, da Dogo in yana gari. Idan za ka ba ni amsa, rubuto ta da Turanci in ka ga dama, zan duba maka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Mai guga