Irin Cittar Yakubu

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Legas, yaya aiki, yaya Saratu da yara?

Likitan Kafanchan ya ce ciwon daji ne a hantar maigidana Yakubu. Kafin a yi masa aiki, an aika jininsa Zariya. Da sakamakon ya dawo, ni kaɗai likita ya kira. Ya ce ko an yi aikin, da wuya ya ga damina.

Ban gaya wa kowa ba sai kai. Jiya Yakubu ya zauna yana zaɓen irin cittar da zai shuka bana, ya ce, "Ladi, adana mini wannan." Na karɓa na adana.

Gai da Saratu. Ku yi mini addu'a in iya gaya masa.

Ƙanwarka,
Ladi