Ka Sa An Cire Shingen Garkar Makarantarmu, Awaki Sun Shiga

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke duba makarantun yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni manomin albasa ne, ban yi nisa a boko ba, amma abin da na gani zan faɗa.

Na ɗaya. Da ƙarshen damina Malama Rifkatu, mai koyar da aikin gona a firamaren ƙauyenmu, ta ce 'yan aji biyar za su yi garka a bayan makaranta. Ƙanwata Nafisa na cikinsu. Na ba su irin albasar da na tanadar wa kaina, wanda na samo daga Aliero. Yaran da kansu suka ja fangali, suka yafa iri, suka saro ƙaya suka kewaye wurin. Kowa da tulunsa kafin shiga aji.

Na biyu. Da ka zo da baƙi, ka ce shingen ƙaya ya ɓata hoto, a cire, za a kawo waya. Aka cire, aka ɗauki hoto, kuka tafi.

Na uku. Ranka ya daɗe, ɗan ƙasar nan ne kai. Ka san da an gama kaka ana sakin bisashe, ba mai ɗaure akuya kuma sai damina. Wayar ba ta zo ba, awaki sun zo. Sun cinye kusan rabi, sauran suka tattake. Yanzu Nafisa da ƙawayenta ke karɓa-karɓa wurin kora, ana darasi suna waje da sanda. Wannan ne karatun? Kuma hedimasta ya hana a mayar da ƙaya, wai umarninka ne, sai kai za ka janye shi.

Abin da nake roƙo ƙanƙane ne. Ban ce ka kawo waya ba, na fid da rai. Ka kira hedimasta ka ce a bar mu mu mayar da shingenmu. Ƙayar na nan, gatari na nan. Lokacin dashe ya kusa; in ya wuce, yaran nan ba za su ga kan albasa ko ɗaya ba bana, kuma baɗi ba wanda zai sake ɗaukar tulu.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya kuma sa wayarka na da caji yau.

Wassalam.

Bashar, yayan Nafisa