Maigidana yana jiran soson da ke kulle a sitonku

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban asibitin da maigidana yake kwance a Sabha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce Hadiza mai tuwo ta unguwar Jadid, matar Malam Isufu direba. Sau biyu na zo ofishinka, mai gadi ya sallame ni da murmushi, shi ya sa na biyo ta takarda, tunda ita ba a tare ta a ƙofa.

Na ɗaya. Shekara talatin Malam Isufu yana tuƙi tsakanin Agadas da Sabha, har hanya ta cinye masa baya. Likitanku, Allah ya yi masa albarka, ya ce sai an haɗe ƙasusuwa biyu na gadon bayansa da ƙarfe, kuma aikin yana zubar da jini sosai. Ya bayyana mini cewa akwai wani ɗan soso da ake ɗorawa inda jini ke tsatstsafowa, ya daskarar da shi, daga baya ya narke a jiki. In akwai shi, masu ba da jini biyu sun isa a ajiye. In babu, sai na kawo shida. Soson yana sitonku, na ga kwalinsa da idona ta taga, amma an ce ba ya fita sai da sa hannunka.

Na biyu. Da sa hannun ya gagara, na koma neman mutum shida, na kuwa same su cikin abokan tuƙinsa. Sai dai direban sahara ba ya miƙa hannu a ɗebi jininsa sai an fara cika masa ciki. Babbansu, Alhaji Mamman, ya kafa mini sharaɗi: kwana uku ana ba su hanta da zogale da dabino, wai don jinin ya yi kauri. Na dafa, suka ci, har da neman ƙari. Ranar da aka sa, muka zo aka ce an ɗage aikin.

Na uku. Sau uku ke nan ana ɗagewa, kuma kowane karo direbobin suna cewa jinin wancan makon ya tsinke, sai an sake daga farko. Ranka ya daɗe, mutanen nan sun yi kumatu. Alhaji Mamman da aka sani kamar sandar rake, yanzu sai ya ja numfashi kafin ya ɗaura ɗamara. Masu sayen tuwona a unguwar Gurda sun fara tambaya ko na buɗe gidan kiwo ne. Ina dariya, don in ban yi dariya ba kuka zan yi, kuma ba na jin haushinsu, domin ko sau ɗaya ba wanda ya ƙi zuwa.

Na huɗu, kuma nan wasa ya ƙare. Ranar Litinin ayarinsu zai tashi, huɗu daga cikin shidan za su bi hanya, ba za su dawo ba sai bayan wata guda. An sa aikin ranar Alhamis, bayan sun tafi ke nan. Ƙafar hagun maigidana ta fara ja, takalmi yana zame masa bai sani ba, likita kuma ya ce jinkiri ba alheri ba ne gare ta. Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai.

Saboda haka roƙona biyu ne. Ka sa hannu a fitar da soson nan kafin Alhamis, mutum biyun da suka rage su wadatar. Sannan ka bar wa likitan tiyata izinin ɗauka da kansa, don wanda zai zo bayanmu ba lallai matarsa tana da tukunya irin tawa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare gadon bayanka, ya sa alƙalaminka ya yi sauri. Malam Isufu ya ce in gaishe ka, in kuma faɗa maka ba mota yake ɗokin komawa ba. Wata bakwai ke nan yana salla a zaune, so yake ya yi ruku'u ya ɗago da kansa.

Wassalam.

Hadiza mai tuwo,
Jadid, Sabha.