Ƙafafu Huɗu a Ramin Murhu

Zeehan, ƙarshen Mayu

Ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar, yaya maigidanki Merv da hawan jininsa? Ina fata zafin Mackay bai gama narkar da ku ba. Ni da sauƙi, sai dai mu nan hunturu ya shigo. Takarda na rubuto saboda kunnenki ya mutu, in na kira ki a waya ihu muke yi har maƙwabta su kwashe sirrina.

Ga abin da ake ciki. 'Yarki Kerryn, wadda na haifa da cikina, ta hana ni hura wuta. Guntun itace ne ya gangaro daga murhu ya ci gefen kafet ina kicin, wurin bai fi tafin hannu ba, amma ta taso daga Burnie kamar gidan ya zama toka. Ta kwashe ashana, ta sa gatari a mota. Ta bar mini hita mai cin lantarki, wadda ƙwauri kawai take gasawa baya na daskarewa, da kuma ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu irin na tsofaffi. Tawul nake shanyawa a kansa.

Ba shi ke nan ba. Ta shirya wata nas za ta zo tsakiyar Yuni ta duba ni da gidan. In ta tarar da sanyi, ko abin tuntuɓe a ƙasa, ko ta ga ba na iya wa kaina, akwai ɗaki yana jirana a gidan tsofaffi a Burnie. Na gan shi. Tagarsa wurin ajiye motoci take kallo. Daga gidan nan aka fitar da maigidana Athol a akwati, ni ma haka nake so a fitar da ni.

Sai ga ɗan naki Lyndon da dabara. Kin san tun da masana'anta ta sallame shi yake wani abu wai haƙar kuɗin intanet. Na ce masa ubanka ya yi haƙa a ƙarƙashin ƙasa, yana dawowa ido kawai ake gani, kai kuma kana haƙa da silifas a ƙafa? Ya ce, "Tsohuwa, bar zancen kuɗin, zafin nake so ki gane." Wai akwai wasu abubuwa shida, kati yake ce musu, amma kowanne ya kai burodi, da fankoki a jiki. Dare da rana suna fitar da zafi, ba harshen wuta, ba hayaƙi, abin da suka haƙo kuma shi zai biya lantarkinsu. Zai ƙera musu firam na alminiyam da zai shige ramin murhu daidai, ya toshe bututun hayaƙi, wayoyi su bi ta ƙofar toka ta baya. Ba abin da zai taɓa daɓe.

A rumfarsa ta Devonport yake aikin, don haka ni na auna masa ramin. Na durƙusa da tef ɗin ɗinki na karanta masa inci ta waya, shi ya juya zuwa nasu lissafin na zamani. Tashi daga durƙuson nan sai da na ja kujera.

Ki gaida Merv. Ki ce ya rage gishiri.

Yayarki,
Noelene


Zeehan, Litinin

Glenys,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba, ba kuma jiki ba ne.

Bai shiga ba.

Jiya Lyndon ya iso da abin a bayan mota, nannaɗe da bargo kamar jariri. Gaskiya ya yi kyau. Sanduna masu kusurwa, fari fes, an ɗaure su da ƙusoshin da ba sa kwancewa, kowane gefe ya goge shi da magagari don kada ya yanke mini ƙafa. Ya jera katunan shida a layi ɗaya, da tazara tsakaninsu don su sha iska. Ya ɗauka ya tura a ramin, sai ji muka yi ƙwas. Ya karkata shi, ƙwas. Inci biyu ya yi yawa.

Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Mama, da me kika auna?" Na miƙo masa tef. Kin tuna tef ɗin Innarmu, wanda dutsen guga ya ƙone bakinsa ta yanke? Daga biyu yake farawa. Tun ina budurwa nake ɗinki da shi, kullum ina cire biyun a kaina ba tare da na yi tunani ba. Ran nan gwiwa na ci na, waya a kunne, na karanta abin da na gani. Lyndon ya kalli tef ɗin, ya yi wata dariya wadda ba dariya ba ce, ya fita ya sha taba. Da ma zagina ya yi.

Yanzu abin yana zaune a gaban murhu, tsakiyar hanya, wayoyi sun bazu a ƙasa kamar hanjin rago. Ya kunna don mu gwada. Glenys, akwai ɗumi. Tun da aka ƙwace mini ashana, jiya na fara cire hula a cikin ɗaki. Amma da safen nan silifas ɗina ya sarƙe da waya, hannun kujera ne ya cece ni. Lyndon bai gani ba, ke ma ba ki ji ba.

Nas ran Alhamis za ta zo.

Na ce ya rage inci biyun da zarto mana. Ya ce in ya rage, katunan za su matse, su dinga hura wa juna zafi har ɗaya ya ƙone, a ramin murhun da aka hana ni wuta. Na ce to a fasa bulo. Ya ce ubansa ne ya gina murhun nan da siminti na rowa, a taɓa gefe ɗaya bututun ya sauko mana a ka. Hanya ɗaya ce, a yi shi hawa biyu, uku sama uku ƙasa, tunda ramin yana da tsawo. Sai dai hakan na son dogayen ƙafafu huɗu, shi kuma ko guntun alminiyam bai rage masa ba. Rumfar Athol tsatsa ce zalla. Katako kuwa, Kerryn ta ga katako kusa da zafi an gama magana. Ga dusar ƙanƙara ta rufe hanyar arewa tun daren jiya, ba fita ba shiga.

Yana can yana zagaya gida yana taɓa duk abin da ke ƙyalli. Har tukunyata ya ɗaga ya duba.

Ki yi mini addu'a in kina yi har yanzu.

Noelene


Zeehan, Laraba da yamma

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ban san ranar da takardun nan za su same ki ba, amma in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Jiya da hantsi na kwashe tawul daga kan ƙarfen dogarawar, na tura shi gaban Lyndon. Na ce ƙwanƙwasa ka ji. Ya ƙwanƙwasa, ya dube ni. Ya ce, "A'a, Mama. Kerryn za ta kashe ni." Na ce in ba ka yanka ba ni zan riga ta. Ya ce nas za ta nemi ganinsa, abin da suke fara tambaya ke nan. Na ce wayoyin nan ba sai ta tambaya ba, da su za ta fara cin karo. A ƙarshe ya ɗauka.

A rumfa ya yi yankan, ƙofa a rufe. Wai garin alminiyam ko ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin kati, wuta ta haɗu, shi ke nan. Don haka duk sandar da ya kawo sai na goge ta da ɗanyen tsumma ciki da waje, shi kuma ya tuɓe rigar aiki a bakin ƙofa yana rawar sanyi kafin ya shigo. Ƙafafun bututu ne, kan injin huda sai zamewa yake yi, har ya tsaga masa babban yatsa. Kan hudar ma guda ɗaya ya rage masa. Duk lokacin da na ji injin ya canza murya sai in riƙe numfashi.

Bai karye ba. Ɗazu muka tura firam ɗin, ya shige, yatsa ɗaya ya rage kowane gefe. Robobin ƙafafun ma sun yi amfani, ba ya karkarwa a kan bulo. Mariƙan hannun ya bar su a sama, ya ce in ya cire abin zai yi rauni. Ya ɗaure shi da bango, ya sa ragar murhu a gaba. Daɓe fes, ko zare babu.

An buɗe hanya da rana. Wato Kerryn da nas suna zuwa.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa yaron ba. Ba tawul kaɗai ƙarfen nan yake ɗauka ba. Da safe, kafin ƙafar hagu ta farka, shi nake riƙewa daga gado zuwa banɗaki, in ba kowa. Yau da Lyndon ya tafi kanti na gwada tafiya daga kujera zuwa kicin hannu sake. Na isa. Amma ban so yadda na isa ba.

Taki,
Noelene


Zeehan, Asabar

Glenys, ƙanwata,

Bayan gaisuwa da tambayar jikinku, ga yadda aka yi.

Sun zo ran Alhamis da hantsi, Kerryn da nas ɗin, wata doguwa mai suna Tamsin, ba ta da yawan murmushi. Tana shigowa ta cire kwat. Na ce a raina, ɗaya ke nan. Ta duba daɓe, ta leƙa banɗaki, ta buɗe firiji ta shinshina madara. Ta tsuguna gaban raga ta miƙa hannu, Lyndon na ta zuba mata bayanin fanka, ita dai so take ta ga ko akwai abin da zai kama da wuta. Babu.

Sai ta ce, "Misis Triffitt, ɗauki ƙarfenki ki haɗa mana shayi in gani."

Kerryn ta waiga ta ce, "Yana ina?" Lyndon ya kama kallon silin. Na ce ba na bukatarsa, na miƙe.

Na yi rabin ɗaki lafiya. Daidai murhu ƙafar hagu ta tafi, kamar an zare ta. Ban yi tunani ba, hannuna ya haye saman raga ya damƙe mariƙin. Ya riƙe ni, Glenys. Ko motsi bai yi ba. Robar da ɗuminta kamar hannun mutum.

Kerryn ta kalli hannuna, ta sauke ido har kan robobin ƙafa. Ta ce, "Lyndon, ƙarfen Mama ne wancan?" Ya ce, "Rabinsa." Ta ce masa jaki, ta ce masa abin da ya fi jaki. Na ce ki bar shi, ni na ba shi, ni na goge sandunan. Ta juyo kaina, ta ce saura kaɗan in faɗa kan bulo da ka. Na ce haka ne.

Sannan nas ɗin ta ce an gaya mata ba na taɓa ƙarfen, to yaya aka yi hannuna ya sami mariƙin ban ko duba ba? Na ce da safe nake riƙewa. A gaban 'ya'yana na faɗi hakan. Ya fi mini faɗuwar zafi.

Ta ce gidan da ɗumi, ƙasa ba tarkace, ba wuta. Matsalar ƙafa ce, kuma ƙafar nan za ta bi ni ko Burnie aka kai ni. Zan zauna, da sharaɗi. Sabon ƙarfe, a hannuna ba a ƙarƙashin tawul ba. Za ta dinga faɗowa ba sanarwa. In na faɗi ƙasa sau ɗaya, magana ta ƙare, kuma ba za ta saurari bakina ba. Na ce na ji. Kerryn ta fita ta zauna a mota ta daɗe, ta dawo ido ja, ta haɗa shayin da kanta. Ya yi ruwa-ruwa, na shanye shi duka.

Jiya aka kawo sabon. Ja ne, da taya da wurin zama. Lyndon ya ƙwanƙwasa shi ya ce alminiyam ɗin mai kyau ne, Kerryn ta ce ya ƙara taɓawa ta yanke masa sauran yatsun. Ina tura shi. Muni gare shi, amma ina tura shi.

A teburina nake rubuta miki wannan, ba hula a kaina, ruwa na dukan taga. Kada ki aiko mini da kuka a takarda. In kina son yi mini wani abu, ki aiko da sabon tef ɗin awo, wanda bakinsa ke nan.

Ki gaida Merv.

Yayarki,
Noelene