Babi Biyun da Kika Karanta Mini

Zuwa ga sanyin zuciyata, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, inuwar da na samu ranar da rana ta fi ƙuna,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Mama da ƙannenki. Ki yi haƙuri da wannan karkataccen rubutu. Shi ne na farko da hannuna ya yi tun ranar da batirin wayar nan ya fashe mini a fuska a shago.

Kin tuna yadda kika same ni? Idanu a naɗe da bandeji, ina jibge a falon Yaya kamar buhu, ga littattafaina na 'yan sandan ciki da 'yan leƙen asiri jere a kanta, ba halin buɗe ko ɗaya. Ranar na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce a fasa auren, ki nemi mai ido. Da wata ce sai kuka, ko ta yi zuciya ta fice. Ke kuwa cewa kika yi, "Malam mai gyara, ido aka ɗaure maka ko kunne?" Kika cusa mini abin sauraro ɗaya, kika saka ɗayan, kika danna wayarki.

Wayyo wannan yammaci! Muryar mai karatu ta ɗauke ni cak, ta ajiye ni cikin jirgin ƙasa, kusa da wani mutum mai fasfo uku da akwatin da ba nasa ba. Sati shida muna haka bayan la'asar, ke da ɗinkinki a cinya, Yaya na gefe tana cewa, "Ku dai ba ku da aiki, kullum an kashe wani!" Alhali ita ke fara tambayar wa ya yi kisan.

Ya ke mai basira kamar tsuntsuwar da ke hango ƙwaya daga sama, wa ya koya miki? Shekara goma ina cin irin littattafan nan, amma a babi na huɗu na wani littafin kika ce direban ne ya yi kisan, don ya rantse rigarsa sabuwa ce, kuma an ce zaren maɓallin ƙasa ya bambanta. Na yi ta musu. Direban ne kuwa!

Sai karatun littafi na biyar ya yanke a wayar, saura babi biyu. Na yi tsaki, na haƙura. Ashe yawo kika shiga har kika samo bugaggen, kika zauna a shagonki kika naɗa mini da muryarki. Ga ƙarar keken ɗinkin maƙwabciyarki, ga ki kina tuntuɓe da sunayen baƙi, ki yi dariya, ki ce, "A'a, bari in sake." Wallahi ƙwararren mai karatun nan bai kama ƙafarki ba. Sau bakwai na saurara, kowane karo kamar iskar hadari ce ta shigo ɗaki.

Yanzu ga abin da bakina ya kasa faɗa. Jiya da aka kwance bandeji kika tambaye ni, na ce komai lafiya. Ban faɗi gaskiya duka ba. Idon hagu ya dawo, na dama ya tafi. Likita ya ce in manta da ƙananan wayoyin cikin waya, ke nan sana'ata ta ƙare, kuma ban san wadda zan kama ba tukuna. Na san kin gane. Da na kai hannu na kuskure kofin shayi, sai kika matso da shi a hankali, kika ci gaba da hira da Yaya. Wace irin mace ce ke, da za ki kama mai laifi ki rufa masa asiri?

Ki yi tunani, ki yi shawara da Mama, ba zan ga laifinki ba. Amma ni roƙonki nake yi, farin watana: kada ki tafi. Idan kin yarda da ni a haka, ki zo ranar Asabar. Zan zauna ta inda na hagu ke ganin ƙofa.

Naki, yau da gobe, har iyakar numfashina,
Mai gyaranki.