Na ɓoye makullin caravan ɗin mijina saboda kayan gara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, mutanenmu na London ba su da yawa, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, Asabar ɗin nan mai zuwa ce tafiyar. Wanda zai ce min in yi haƙuri kawai ya riƙe abinsa, na sha haƙuri har ya gundure ni.

A Woolwich muke zaune, ni da mijina da 'yarmu mai shekara uku. Gyaran gidaje yake yi, yana da pickup da yake zuba kayan aiki. Bara ya sayi caravan na hannu, ɗakin nan mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi hutu, babba ne har da gado da kicin da banɗaki. Ni ban so ba amma na ƙyale shi, mutum ya gaji da flat mai ɗaki ɗaya, yana son 'yarsa ta ga ciyawa da tumaki, to Allah ya sa alheri. Ranar da muka je ɗauka ina tsaye tsohon da ya sayar mana ya yi masa bayani, ya ce duk girman nan da kake gani kayan da yake iya ɗauka kaɗan ne, abu mai nauyi a ƙasa ake sa shi a tsakiya daidai kan tayoyi, kar ka kuskura ka tara nauyi a ƙarshen baya. Mijina yana ta gyaɗa kai yana yes yes. Ya ji sarai, wannan ne ma abin da ke ƙona min rai.

Hutunmu na farko arewacin ƙasar za mu, ta Manchester za mu bi. Kuskuren da ya yi shi ne faɗa wa Gwaggonsa da ke Peckham. Kun dai san halinmu, da an ji za ka yi tafiya sai saƙo. Kafin ranar tafiya corridor ɗinmu ya cika, wannan ta kawo buhun shinkafa a kai wa 'yarta mai karatu, waccan jarkokin manja, wani kwalin doya daga kasuwar Rye Lane, wata baiwar Allah har da keken ɗinki. Bai iya ce wa kowa a'a ba. Bayan pickup ɗin ya cika da namu kayan, sauran ya tura su can ƙarshen caravan gefen banɗaki, wai don a samu hanyar wucewa. Na tuna masa maganar tsohon, ya ce motarsa tana da ƙarfin jan abin da ya fi wannan, in daina yi masa baki.

Muna kan motorway wata tirela ta wuce mu, kawai na ji bayan motar ya karkata. Na duba madubi na ga caravan ɗin yana kaɗa jela kamar kifi, dama, hagu, kowane kaɗawa ya fi na baya, yana fisgar motar da mu a ciki. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba. 'Yata a kujerarta kanta yana buguwa da gefe tana ihu Mummy stop, Mummy stop, kamar ni ce nake girgiza ta. Gaskiya ɗaya zan faɗa, bai taka birki ba, ya ɗaga ƙafa daga totur ya riƙe sitiyari a miƙe har abin ya lafa, Allah ya kiyaye. Da muka tsaya muka tarar manja ya fashe ya malale ko'ina a ciki, yarinya ta yi amai a jikinta. A nan bakin titi motoci suna wuce mu fuu, ya roƙe ni da girman Allah kar in faɗa wa kowa, wai za a ce ya raina kayan mutane ko bai iya tuƙi ba. Na yi masa alkawari. Na riƙe. Har yau in babbar mota ta wuce mu ko a bas muke, yarinyar nan sai ta ƙanƙame ni.

To yanzu 'yar autar Gwaggo ta yi aure, Manchester aka kai ta, Asabar za a kai gara. Kun san gara, buhunan shinkafa da fulawa da sukari, jarkokin mai, taliya kwali kwali, bokitan alkaki da dubulan da cincin, ga wasu manyan tukwane da ta ce a haɗa. Wallahi ya ninka kayan wancan karon. Kuma Gwaggo ta gama shelanta wa dangin ango cewa a motar ɗanta mai gida a baya za a kawo. Ita za ta zauna a gaba, ni da 'yata da wata ƙawar Gwaggo a baya. Har cewa ta yi in wuri ya yi kaɗan 'yan mata su shiga caravan ɗin su kwanta abinsu, wannan kaɗai ya iya hanawa, shi ma da 'yan sanda ya fake.

Na ce a yi hayar van, ya ce Gwaggo za ta ji kamar ya guje ta. Na ce a raba kayan gida biyu, aka ce gara ba a kai ta guntu guntu, a tare ake jere ta a tsakar falo dangin miji su gani. Na ce to a yi order ɗin shinkafar da man a can Manchester mana, ai shaguna ne cike. Da maganar ta je kunnen Gwaggo sai ta kira ni, ta ce ke 'yar nan, so kike a ce a kantin unguwarsu muka sayo musu gara? Ta ce akori-kurar da ke jan gida sukutum ita ce za ta kasa jan shinkafa, ta ce yaran yanzu kun cika tsoro kamar farar kura. Ina riƙe da waya bakina cike da magana, alkawari ya ɗaure ni. Shi kuma yana zaune kusa da ni yana kallon carpet.

Da ta ajiye na yi masa tatas. Na ce ko wurin awon motoci mu je a auna a gani, ya ƙi, don ya san abin da sikeli zai faɗa. Ya ce wannan karon zai jera kayan daidai kan tayoyi, zai tafi a hankali. Na ce jerin me, abin da ya fi ƙarfin caravan ya fi ƙarfinsa ko a ina ka sa shi. Sai ya koma wai Gwaggo ita ta kawo shi ƙasar nan, a falonta ya kwana shekara da shekaru, ba ta taɓa neman komai a wurinsa ba sai wannan. Na ce to ka saka mata da jefa ta ƙarƙashin tirela, ai ka biya. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na kira mahaifiyata a Kaduna, ba tare da na faɗi abin da ya faru ba, ta ce in yi addu'ar tafiya in bi mijina.

Zan iya cewa ni da 'yata ba ma zuwa, in ce tana mura. Amma shi zai tafi, da tsofaffi biyu da ba su san komai ba, da duk wanda tsautsayi ya sa yake bayansu a titi. In na faɗa wa Gwaggo gaskiya na karya alkawari, na tsinka shi a gaban matar da yake jin kunyarta fiye da kowa, kuma na san zuwa yamma labarin ya gama Peckham da Woolwich, a ce matar wane ta hana kai gara.

Akwai wani kwaɗo da ake datse wurin ɗaura caravan da shi saboda ɓarayi, in ba a buɗe shi ba babu yadda za a haɗa shi da mota. Makullin guda ɗaya ne. Yana cikin jakata tun shekaranjiya. Yau da safe ya zazzage drawer ɗin kicin da aljihunan rigunansa, 'yarmu tana taya shi nema tana leƙa ƙarƙashin kujera, ya tambaye ni na ce ban gani ba. Ban saba yi masa ƙarya ba, kuma na san in ya matsu zai iya kiran mai yankewa.

To 'yan uwa ya zan yi? In ba shi makullin in zauna a gida da 'yata ina kallon waya har su isa? In ci gaba da cewa ban gani ba? Ko in hau bas in je Peckham in ajiye makullin a hannun Gwaggo, in faɗa mata abin da ɗanta ya hana ni faɗa, in ce ga shi, in har ta yarda ta miƙa masa da kanta?