Landurobar da Muka Gyara wa Baba

Zuwa ga taubashina, Isuhu ɗan Gwaggo Rabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Ubangiji tana tare da kai a makwancinka, ina sanar da kai cewa mu nan Jibiya muna lafiya. Gwaggo ma tana nan Maraɗi, tsufa ya kama ƙafafu amma bai taɓa bakin ba. 'Ya'yanka sun girma, babbar har ta ba ka jika.

Na san za ka ce yaushe Kabiru tela ya koyi gaisuwar manya, ni da ban taɓa ce maka sannu ba sai na haɗa da tsokana. Ka yi haƙuri, mutane suna karantawa. Akwai labarin da ka tafi ba ka ji ƙarshensa ba, kuma shekarun nan duka yana cina. Yau dai sai na ba ka shi, don ka san irin aikin da ka tafka.

Ka tuna shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, shekarar da idon Baba ya ƙarasa tafiya. Asibiti suka ce ba abin da za a iya. Mutumin da yake ɗan kamasho a tasha, wanda in ya kira fasinjan Katsina sai an ji shi a bakin kasuwa, shi ne ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Masallaci ma sai an yi da gaske, don ba ya son a riƙe masa sanda. Kwanon tuwo yadda ya shiga haka yake fitowa. Inna ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta koma kuka. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don ina ganinsa yana ƙarewa a zaune.

Wata Lahadi ka zo cin kasuwa, ka shiga gaishe shi. Ka yi ta zuba, shi ko tari bai yi ba, har Allah Ya sa ka ambaci wata landuroba da aka kawo garejinku. Nan take ya ɗago kai ya tambaye ka doguwa ce ko gajeruwa. Da muka fito zaure ka kama hannuna ka ce, "Kawu ba ciwo ka cin shi ba, zama na. Mu samo mishi katkat." Sai da ka yi mini bayani na gane haka kuke kiran motar da ƙafafunta huɗu duk suna ja.

Mu biyun mun san abin da landuroba take a wurin Baba. Da ita ya yi ƙuruciyarsa, yana jigilar mutane da buhuna daga Jibiya zuwa Daddara da Farfaru, har Maraɗi, tun hanya tana yashi zalla. Mu a lokacin muna ƙanana, a baya ake cusa mu tsakanin buhunan gero, abin da muka riƙe kawai koren fenti da warin fetur. Da gwamnati ta sauya hannun tuƙi ya sayar da ita, ya ce shi ba zai koma ɗan koyo da gemunsa ba. Tun daga nan bai sake riƙe sitiyari ba.

Kai ka gano mana wata a wani ƙauye bayan Ɗan Isa. Ka zo kana cika baki wai mota ce sabuwa fil, ƙura ce kawai ta rufe ta. Da muka je na tarar kaji sun yi gida a kujera, taya biyu sun zauna, ƙofa ɗaya babu, gilashin gaba an maye shi da buhu. Na ce maka wannan ai akurki ne. Ka buga gefenta da tafin hannu ka ce jikin nan ba ya tsatsa, ka leƙa ƙarƙashi ka daɗe, ka fito da yanar gizo a gashin baki kana murmushi. Mai ita ya fi mu murna da cinikin, matarsa ce dai ta yi ta mita saboda kajin.

Ba zan manta yadda muka tsallako da ita ba. Shanun huɗa biyu a gaba, kai a ciki kana riƙe da sitiyari kamar wani gwamna, ni a ƙasa ina kora. A Magama jami'in da ke bakin shinge ya zagaya ta, ya dube mu, ya ce shi dai a gaya masa mota ce ko amalanke. 'Yan dako suka bi mu da shewa har cikin gari.

Wurin aiki ma Shari'a ce ta ba mu. Gidan da ake sayar da barasa a bayan tasha an rufe shi, masu shi sun kwashe sun koma tsallaken iyaka, filin ya zama kango. Muka sami izinin mai gidan, muka tura ta ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakiya. Dattawa masu wucewa suka riƙa sa mana albarka, suna cewa gara a ji ƙarar guduma a wurin da a ji abin da aka saba ji.

Sai farautar kaya. Duk inda aka ce akwai gawar landuroba, daga ƙauyen Kusa har Madarumfa, sai mun je. Abokan hamayyarmu masu zubin tukwane ne, don jikinta farin ƙarfen nan ne da suke narkawa, in suka riga ka to sai dai ka ga motarka a kan murhu ana dafa shinkafa. Ƙofar da muka rasa a hannunsu muka ƙwato ta a Maraɗi, an riga an jingine ta kusa da wuta. Giyabos kuwa, wato akwatin giyar motar, wani ɗan dako Bamaraɗe ne ya turo mana shi a kura tun daga shinge, yana tafe yana tambaya ko dutsen niƙa muka saya.

A wannan aikin ne na gane ni da kai ba yare ɗaya muke yi ba. In ce kuloci ka ce amburiyaj, in ce sitiyari ka ce bolan. Ka miƙo hannu daga ƙarƙashin mota ka kira sunan wani abu da Faransanci, in miƙa maka abin da na ga dama, ka jefo mini shi ka ce dama me ake tsammani daga mai allura da zare. Ni ma na rama a kan kujeru. Ni na ɗinka su da koren tamfol, kuma har ka bar garin nan ba ka sami abin kushewa ba, duk da ka nema.

Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe filin, awakin unguwa suka watse. Ka fito baki har kunne, fuska duk baƙin mai, ka rungume ni ka ɓata mini farar riga. Ban taɓa yafe maka rigar nan ba, amma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Tuƙi ma kai ka koya mini a filin, in dai za a kira wannan koyarwa. Giyarta ba ta shiga sai an taka kuloci an saki an sake takawa, ni kuwa kullum sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ka ce in bari in ka dawo za ka gyara mini hannu. An kira ka aikin wasu manyan motoci a Agadas, ka ce wata guda ne, kada in jira ka, in fito da Kawu ya sha iska.

Daga nan ne ba ka sani ba.

Ranar Juma'a da hantsi na kawo ta ƙofar gida. Ban ce wa Baba komai ba, na bar injin yana aiki. Inna ta ce yana kwance sai ta ga ya tashi zaune, ya karkata kunne, ya lalubi takalmansa. Ya fito da kansa yana dafa bango, ba sanda, ba mai ja. Maƙwabta suka fara taruwa.

Ya ɗora hannu a hancinta, ya shafa fitila, ya bi gefenta a hankali kamar mai duba doki. Sai ya zagaya dama, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga ƙafa ya hau ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ya gyara zama, ya miƙa hannu biyu gaba. Babu komai a wurin. Ya lalubi sama, ya lalubi ƙasa, sannan ya ce, "Kabiru, ina sitiyarin yat tahi?"

Isuhu, ji na yi kamar in nutse. Motar Baba ta zamanin tsohon hannu ce, sitiyarinta a dama yake. Tamu daga ƙasarku ta fito, inda tun fil'azal a hagu kuke zama. Kai ba ka taɓa tuƙa mai sitiyari a dama ba, ni kuma da na yi wayo duk motocin garinmu sun koma hagu. Mun san labarin sauya hannu kamar sunanmu, mun yi watanni muna kwance ƙarƙashin motar, amma ko sau ɗaya bai faɗo mana a rai ba. Laifin dai naka ne, kai ne bakanike.

Ya sauke hannayensa ya ɗora a gwiwa, fuskarsa ta koma irin ta cikin ɗaki. Na ga yana laluben hannun ƙofa zai sauka, na san in ya koma ɗakin nan ba zai sake fitowa ba. Sai kawai na yi tsalle na shiga, na ja mota.

Giyar farko ta shiga da ƙyar. Da na nemi ta biyu sai ta kwarara ƙarar nan da ka sani, har wata mai talla ta toshe kunne. Baba ya runtse fuska. Na sake gwadawa, ta sake. A nan ne na ji an buge mini hannu, bugu na gaske irin wanda rabona da shi tun ina makarantar allo. Ya ce, "Kashe ta za ka yi? Ɗauke hannunka. Taka!"

Na taka. Hannunsa na hagu ya sauka a kan sandar giya kamar jiya ya sake ta. Ya ce saki, ya ce sake takawa, sai na ji ta shige sumul ba ko ƙis. Sai a lokacin na lura da abin da ya faru. A dama yake zaune, inda ya zauna duk ƙuruciyarsa, kuma giyar tana hagunsa, daidai inda hannunsa ya saba samunta. Har ƙananan sandunan nan biyu, mai jan kai da mai rawayan kai, waɗanda ake sawa in za a shiga yashi, a gefensa suke.

Haka muka fita gari, ni da sitiyari da ƙafafu, shi da giya da umarni. Kunnensa yana kan injin, kafin in ji komai ya riga ya ce taka. Ya ce in bi hanyar Daddara. Da muka kusa rafin yashin nan, ban gaya masa ba, shi ya ji ƙasa ta sauya a ƙarƙashinmu, ya sa na tsaya, ya ja mai jan kai baya, ya ce in ba ta wuta a hankali kuma kada in kuskura in ɗaga ƙafa. Ta shiga tana gurnani, ta fita ɗaya gefen. Sai na ji dariya. Na juya na ga Baba yana dariya har da buga cinya, hawaye na bin gemunsa. Ni ma idona ya cika, har ya daka mini tsawa wai in kalli hanya, cikinmu ai ni kaɗai ke da ido.

A Daddara muka yi sallar Juma'a. Tsofaffin da ya yi wa jigila suka kewaye shi, wannan ya ce shi ya kai matarsa haihuwa, wancan ya ce shi ya ɗauko masa amarya. Aka kawo fura ya shanye, aka kawo tuwo ya ce a ƙaro miya. Da muka dawo na gaya wa Inna, ta zauna a bakin murhu ta yi ta hamdala.

Na ɗauka zan ba ka labarin nan baki da baki, in yi maka dariya son raina. Sai saƙo ya zo daga Agadas cewa zazzaɓi ya kwantar da kai, kafin Gwaggo ta shirya tafiya wani saƙon ya biyo. Ni da Baba muka tuƙa motar zuwa Maraɗi zaman makoki. Tun daga Magama har ƙofar gidanku ba abin da ya ce sai taka da saki.

Bayan sadakar arba'in na sami wani bakanike a Katsina da ya ce zai iya mayar da sitiyarin dama. Na zo wa Baba da maganar ina ganin gwaninta zan yi. Sai ya ce, "In kunka maishe shi dama, kai za ka zamna nan, ni ku aje ni gehe kamar buhu. Bar shi inda Isuhu yab bar shi. Yaron ga ya san abin da yay yi."

Ban gaya masa gaskiya ba, kuma ban ga dalili ba. Shekarun da suka rage masa ya yi su a kujerar nan, duk Lahadi da duk Juma'a, yana faɗa yana sauya giya, kuma ba a taɓa kashe injin ba tare da ya yi maka addu'a ba. Kullum sai ya ce wa mutane ɗan ƙanwarsa ne ya tsara motar musamman don makaho. Ka ga ka tafi da yabon da ba ka nema ba, ni da na san sirrin na bar maka shi. Ina kewarka, ɗan Gwaggo, fiye da yadda bakin taubashi zai iya faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kaburburanku, Ya sa kun huta. Ya raya abin da ka bari, Ya ba Gwaggo lafiya. Yadda ka faranta ran kawunka, Allah Ya faranta naka, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ni ne taubashinka,
Kabiru tela, Jibiya.